Na Kai Zanen Kawu Maraɗi a Sa Masa Fuska

Tun da na dawo daga Maraɗi ban sha shayi da daɗin rai a ɗakin malamai ba. Da na ɗaga kofi sai wata ta ce, "Malama Hadiza, wai da gaske ne an tsare ki a boda an ce ke matsafiya ce?" Wadda ta ji a bakin wata ta ƙara gishiri, har labarin ya zagayo ya same ni da cewa kwana na yi a hannun jandarmomi. To ga shi na rubuta sau ɗaya, daga yau duk mai tambaya takarda zan miƙa mata in sha shayina.

Ni malamar zane ce a wata makarantar 'yan mata a nan Katsina, gidana yana Kambarawa. Bara na ɗauko wa kaina aikin da ba wanda ya sa ni, wato tattara tarihin masu zanen barkwanci na jaridu da mujallun Hausa, don ɗalibaina su san ba a waya aka fara yi wa manya shaguɓe ba. Ban sha wahalar nema ba, domin rabin tarihin yana zaune a kan buzu a Ƙofar Marusa. Shi ne Kawu Lawal, yayan mahaifiyata.

Waɗanda suka yi wayo a zamanin jaridar Hausa ta mako-mako sun san wani zane da ke fitowa a shafin baya da sa hannun "Mai-Ido". A lokacin mutum ɗaya ke sayen jarida, sauran su kewaye shi ya karanta musu. Zanen kuwa ba ya bukatar mai karatu. Shi ake fara juyawa a duba, dattijon da bai taɓa shiga aji ba ya riga malamin makaranta yin dariya. Kowa ya ɗauka Mai-Ido mutum ɗaya ne, alhali mutum biyu ne, kuma kakana ne sanadi.

Kakana malamin allo ne. Da ya ga ɗansa ya nace wa zane bai doke shi ba, sai ya yi masa iyaka: ya zana riga da rawani da mota da kasuwa, amma kada ya taɓa sa wa mai rai fuska. Kawu ya ɗauki alkawari, kuma har yau bai karya ba. Saboda haka shi ke zana jiki da alƙalamin ƙarfe da baƙar tawada, ya bar wurin fuska fayau, abokinsa Hamisu na Ƙofar Kwaya ya cike. Shi ma Hamisu da tasa dokar: ba ya zana fuska daga hoto. Sai ya je taro ya zauna ya ga yadda mutum ke magana da yadda yake tauna goro, sannan ya dawo ya fitar da shi da 'yan layuka kaɗan. In sun gama, Hamisu ya goya Kawu a keke zuwa tasha, su ba direban Zariya ya kai wa masu ɗab'i.

A mulkin soja ne abin ya ɓaci. Suka zana wani babba zaune a kan buhunan taki, manoma suna leƙe ta taga, kuma fuskar ta yi kama fiye da kima. Aka zo neman Mai-Ido, aka fara da Kawu. Ya ce, "Ni ban taɓa zana fuskar mutum ba." Gaskiya ya faɗa, aka sake shi, amma duk wanda ya san su ya san wa ya rage. Kafin a kai ga Hamisu ya tsallaka Nijar, ya zauna a Maraɗi. Shekara talatin da wani abu ke nan ba su ga juna ba, kuma Kawu yana ganin shi ya nuna abokinsa da baki.

Ranar da ya ba ni wannan labarin, sai ya sa aka jawo adaka, ya fito da zanensu na ƙarshe wanda ba a gama ba. Su biyu ne a kan keke, mai tuƙi ya waiwayo kamar yana yi wa na baya magana, kowanne da hularsa, ba mai fuska.

Ya ce, "Dije, ki kai mashi. Ƙirjin nan nawa ba ya da alkawali, ina son in ga an ƙare shi kahin in tahi. In ya ƙi amsa kar ki matsa mashi, yana da gaskiya."

Na ce, "Kawu, in dai yana raye zai amsa. Ni ce fa."

Maigidana bai hana ni ba, ya ce dai in bar rana ta ɗaga kafin in kama hanya, in kuma kawo masa dogon burodinsu. Na naɗe zanen na zura a guntun bututun roba irin na masu gyaran famfo, na toshe bakinsa da tsumma, na shiga motar Jibiya. Kowa ya san halin da hanyar nan take ciki, shi ya sa motar ta tashi da addu'a ta gaske, ba irin wadda ake yi ana duba waya ba. A gefena aka sa Hajiya Rabi, 'yar kasuwa mai kai atamfa Maraɗi ta dawo da taliya. A gefena na ce, amma gaskiya rabin ta a kaina ta zauna. Ta san kowane shinge da mai tsaron sa, ta san wanda matarsa ta haihu da wanda aka yi wa canjin wuri. Tun daga Katsina take zungurin bututun da yatsa.

"Malama, wai mi ke cikin abin nan ne kike rungume da shi kamar jinjiri?"

"Mutum biyu ne, Hajiya."

Ta dube ni ta matsa gefe. Nan ne na fara samun numfashi a motar.

A ɓangarenmu na boda ba wanda ya kula da ni. Sai da muka tsallaka wajen Ɗan Isa wani jami'i dogo, siriri, ya ga mace da mayafi tana riƙe da bututu, ya ce in buɗe. Na warware zanen a kan tebur. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ja da baya kaɗan.

"Madam, wanga mi ne ne? Mutane babu huska?"

Kan ka ce kwabo mutane sun kewaye mu. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta leƙo ta nemi tsari da Allah, wani kuma ya ce ya san irin sa, shi ake binnewa a ƙofar shagon abokin gaba. Hajiya Rabi, wadda muka sha ruwa a gora ɗaya, ta shaida wa jama'a cewa ita dai a tasha ta gan ni. Na yi bayanin jarida da kakana da alkawari, na ga bayanin ya yi musu tsawo. Sai na yagi murfin kwali, na zaro biro, na ce wa jami'in ya nuna mini duk wanda ya ga dama in zana fuskarsa. Ya nuna abokin aikinsa da ke gyangyaɗi a inuwa, wani mai kunnuwa masha Allah. Ban ƙara masa komai ba sai abin da Allah ya ba shi. Dariyar da aka yi ce ta tashe shi, ya zo ya gani, ya rantse ba za ni wuce ba sai na zana wanda ya nuna shi. Na zana shi ma, da maƙogwaronsa mai kai da kawowa. Wannan ita ce tsarewar da kuka ji. Aka sallame ni da gyaɗa kyauta, Hajiya Rabi kuma ta dawo tana cewa tun a Katsina ta ga alamar ilimi a tare da ni.

A Maraɗi na sauka gidan Inna Tsahara, 'yar'uwar mahaifiyata da aure ya kai can tun ban san kaina ba. Gaisuwa ba ta ƙare ba mijinta ya fara abin da kowane Bamaraɗe ke yi wa Bakatsine.

"Sannu da zuwa Katsina ta gaskiya. Yaya kunka baro masu tsare muna gida?"

Na ce, "Suna gaishe ku, Baba. Sun ce gidan ya yi daɗi, ba sai kun dawo ba."

Abincinsu namu ne, sai abin da ba a rasa ba. Fura ce abincin rana, mai kauri, ba irin tamu da ake sha don marmari ba. Kwaɗon zogalensu ya fi namu, wannan na yarda ba tare da an matsa mini ba. Amma dogon burodin nan da maigida ke ɗoki, ɓawonsa ya yanke mini dasashi tun a gutsure na farko, su kuwa yara suna ta ɓurmusa shi da wake da mai. Shayinsu ɗan mitsitsin kofi ne, ɗaci kamar maɗaci, kuma in ka sha na farko sai ka jira na biyu da na uku, tashi kafin nan rashin ladabi ne. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne barcin rana. Na fita neman Baba Hamisu bayan azahar, na tarar gari ya rufe ido, har mai kabu-kabu, wato ɗan acaɓansu, ya miƙe a kan babur ɗinsa ya rufe fuska da hula. A Katsina a wannan lokacin ne ma ciniki ke kankama.

Washegari na fita da wuri. Na tambayi masu shaguna Malam Hamisu mai zanen jarida, ba wanda ya san shi. Na je wurin mai sayar da jaridu, wani dattijo mai fara'a, na tarar duk jaridun da Faransanci suke. Ya buɗe mini shafukan zane, ya ce a nan ma da yawa zanen suke tsayawa kallo, tun da ba kowa ya yi lakwal ba, wato makarantar boko. Na ga hannun yaran da ke musu zanen yana da kyau, kuma na gane abin da ake nufi ba tare da na karanta harafi ɗaya ba. Amma shi ma bai san wani Hamisu ba.

Ina tsaye ina tunanin inda zan nufa sai idona ya faɗa kan allon wani mai aski a tsallaken titi. Kawuna ne jere, kowanne da irin askinsa, ba jiki ko ɗaya. Ɗayan yana harara, ɗayan yana murmushin wanda ya ci bashi bai da niyyar biya. Na shafe wata da watanni ina kallon tsofaffin zanen Mai-Ido, na san hancin nan kamar yadda na san na 'ya'yana. Dariya ta kama ni a tsakiyar titi: ni ina yawo da jiki ba fuska, shi ya cika gari da fuska ba jiki. Na shiga na tambayi mai askin, ya ce, "Ai Baba Mai-Henti kike nema," ya kwatanta mini gidan.

Na same shi a zaure a kan kujerar nan tasu ta saƙar zare, ƙafarsa ta hagu a miƙe a kan matashi. Ta mutu tun wata rashin lafiya da ya yi, ko masallaci sai an ɗauke shi. Muka gaisa, ya tambayi hanya, da gajiya, da mutanen gida, da ruwan bana, duk yana kallona ta saman tabarau. Ban faɗi ko ni wace ce ba.

Ya ce, "Goshin ga na gidan Malam ne na Ƙohwar Marusa. Ɗiyar wa ce ke cikinsu?"

Na faɗa masa. Sai ya ce a kawo mini ruwa.

Da na ce tarihi nake tattarawa sai bakinsa ya buɗe. Ya ce da ya zo nan allunan shaguna ya kama, masu aski suka fi son shi don su kai kawai suke bukata. Da aka samu sakin mara jaridu masu zaman kansu suka yawaita, wata ta mako-mako ta ɗauke shi, aka haɗa shi da yara masu takardar shaida su riƙa yi masa jiki.

"Sun iya, ban hana masu ba. Amma jikinsu tsaye yake kamar an sa mashi sitati. Lawal in ya zana babbar riga, tun ban sa huska ba kin san mai ita ya ci kuɗin jama'a. Tumbi kala-kala ne, ɗiyata, akwai na gado akwai na kwangila, shi kaɗai ya san bambancinsu."

Nan na ga ƙofa ta buɗe, na warware zanen a cinyarsa. Hannunsa ya tsaya a kan sirdin keken. Na isar da saƙo yadda aka ba ni, har da cewa Kawu yana ganin maganarsa ce ta kore shi daga gida.

Ya ce, "Wace magana? Gaskiya ya hwaɗi. Da ya ce shi ne, a ba shi alƙalami ya zana hanci a gani, da mu duka anka kama. Ni ban taɓa riƙe shi da wannan ba. Abin da ya ci mani rai, Maraɗi ba Makka ba ce. Mai taliya na zuwa ya koma a yini guda, amma Lawal bai taɓa takowa ba."

Na ce, "Kunya ce, Baba."

"Kunyar shekara talatin ai ta zama girman kai."

"To kai ma, Baba, mai askin da ya kwatanta mini gidanka ya ce lokacin da ƙafarka ke lafiya ka sha zuwa Katsina ta'aziyya. Ƙofar Marusa ba ta tashi daga inda ka bar ta ba."

Ya cire tabarau ya dube ni da kyau, sai ya fashe da dariya har da tari. "Bakin ma na gidan ne. Ki dawo gobe da hantsi."

Da hantsi na tarar an ajiye masa allo a cinya, da kwalbar tawada, da ɗan madubin aski. Ya gwada bakin alƙalami a gefen takarda, ya dubi madubi, ya fara. Ban taɓa ganin hannu irin wannan ba, kuma ni ba baƙuwar zane ba ce. Bai yi wa kansa sassauci ba: kumatun da suka zube, giɓin haƙora, gira ɗaya a ɗage. A kan jikin saurayi mai tuƙa keke ya ɗora fuskar tsoho, ta waiwayo tana kallon na baya. Ya busa tawadar, ya rufe kwalba.

Na ce, "Saura ɗaya, Baba." Na buɗe waya na nuna masa hoton Kawu na ranar Sallah.

Ko kallon wayar bai yi ba. "Hoto mutum ne ya riƙe numhwashi. Ban taɓa zane da shi ba, ba kuma a kan Lawal za ni hwara ba."

"To zana shi yadda ka san shi da."

"Wancan yaron ya tahi. Ni tsoho in goya yaro? Wanda ke akwai yanzu ban san shi ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji tsoro. Na tuna yadda na bugi ƙirji a gaban Kawu. Na faɗa masa maganar ƙirjin Kawu, na ce ba mu san kwanan da ya rage ba, na roƙe shi don Allah. Na ga idonsa ya kawo ruwa, amma ya naɗe zanen da kansa ya zura a bututu.

"Shi ya riƙe alkawalin ubanshi, ni in saki nawa? Ni ƙahwata ta mutu, shi nashi biyu suna nan. Ki ce mashi ya kawo huskar."

Na kamo hanyar dawowa da burodin maigida a cinyata kamar sanda. A boda jami'in nan dogo ya gane ni, har ya nuna mini kwalin da na zana an manna shi a bango. Ya ce in nuna masa mutanena. Ya duba ya ce, "An samu guda. Saura guda, Madam." Na ce masa na sani.

Ban biya Kambarawa ba, Ƙofar Marusa na zarce, don in na kwana da maganar ba zan iya faɗin ta ba. Na tarar da Kawu a kan buzunsa bayan la'asar, 'yarsa Asabe tana ba shi kunu. Na gaishe shi, ya tambayi hanya da Inna Tsahara da mijinta, bai tambayi abin da ya aike ni ba. Na warware zanen na miƙa masa, na ce, "Kawu, rabin aiki na yi." Na faɗa masa duk abin da aka ce, ban rage ko kalma ba, har maganar girman kai.

Ya matso da takardar kusa da idonsa. Ya bi giɓin haƙoran da yatsa, kafaɗunsa suka fara rawa, na kasa gane dariya yake ko kuka, ina jin duka biyun ne.

"Ji yadda ya lalace. Kuma bai ɓoye ko ɗaya ba, ja'iri." Ya goge ido da hannun riga. "Kin ga girar nan da ya ɗaga? Haka yake mani in na daɗe ban hito ba, shi yana bakin zaure da keke."

Asabe ta ce, "Baba, likita fa ya ce ka rage zirga-zirga."

Bai ko dube ta ba. Ya tambaye ni ko gidan gaba na motar Jibiya yana da wurin miƙe ƙafa, na ce in an riga Hajiya Rabi zuwa tasha, akwai. Ya gyaɗa kai, ya miƙa wa Asabe kofin kunun.

"Ki hiddo mani shuɗiyar rigar nan a goge. Ki kuma aika a kira wanzami ya zo da sahe ya gyara mani huska. Mutumin can ba ya raga wa kowa."